Me Ya Sa Yaron Ya Daina Zuwa Makaranta?

Jawabin da sashenmu na raya al'umma ya gabatar a taron iyaye, dattawa da malaman makarantar Lahadi na ikkilisiyoyin yankin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. An buga shi a nan saboda 'yan'uwa da hanya ba ta ba su damar zuwa ba.

  Mun san yadda hanya take a wannan yanki. Wanda ya baro Zurmi ko Shinkafi da sassafe ya iso nan lafiya ya san Allah ne ya kawo shi.

Kun saba jin mu a kan rijiya, taki, irin shuka da rabon hatsi. Yau maganar yara ce ta kawo mu, yaran da ake kira masu buƙata ta musamman, da irin cin zalin da suke sha a makaranta. Za mu fara da laifinmu kafin mu taɓa na kowa.

Abin da ya buɗe mana ido

Akwai wani yaro cikin iyalan da muke taimaka wa, ba za mu faɗi sunansa ko na makarantarsu ba. Sanƙarau ya kama shi a 2017 yana ɗan shekara huɗu. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma kunne ɗaya ya mutu, ɗayan kuma sai an ɗaga murya yake ji. Daga baya 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, iyalin suka dawo cikin gari. Muka ɗinka masa yunifom, muka saya masa littattafai da jaka, muka rubuta a takardarmu cewa yaro ya shiga makaranta. A wurinmu aiki ya ƙare ke nan.

Bayan 'yan watanni uwarsa ta zo tana kuka, wai ɗanta ya lalace. Kullum zai sa kaya ya fita, ashe ba makaranta yake zuwa ba. Gindin wata bishiya yake zama kusa da tsohon layin dogo har a tashi, sannan ya biyo sauran yara gida. Ubansa ya yi masa duka har sau biyu, bai ce komai ba.

Sai da muka zaunar da ƙanwarsa muka ji gaskiya. A can ƙarshen aji aka ajiye shi, inda ba ya jin malami. In an yi tambaya bai amsa ba sai a ce taurin kai ne, a sa masa bulala. In an fita tara, yara sukan lallaɓo ta bayansa su ƙwala masa ihu a kunne, ko su fizge hularsa su riƙa jefa wa juna. Sun daina kiran sunansa, sai Kurma. Kuɗin tara ma ƙwacewa ake yi. Abin da ya fi ba mu kunya, biyu daga cikin masu yi masa haka yaran makarantar Lahadinmu ne, masu haddace aya, masu waƙa a gaban jama'a ranar Kirsimati.

'Yan'uwa, mun sayi yunifom, amma ba mu taɓa tambayar yaron yaya makaranta ba. Wannan kuskurenmu ne, ba ma so a sake shi a wani gida.

Su waye waɗannan yara?

In an ce mai buƙata ta musamman, ana nufin yaron da sai an yi masa wani tanadi kafin ya iya koyo kamar sauran yara. Akwai wanda ba ya ji sosai, akwai wanda ba ya gani sosai, akwai mai tafiya da sanda ko keken guragu. Akwai mai i'ina, mai farfaɗiya, mai sikila da yake yawan kwanciya, da zabiya wanda rana take ƙona masa fata, idonsa kuma ba ya hango allo daga nesa. Akwai kuma wanda jikinsa lafiya lau amma karatu yana shigarsa a hankali, shi ne muke yi wa laƙabi da daƙiƙi.

Ba su da kaɗan. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta a 2021 cewa kusan yara miliyan 240 a duniya suna da wata naƙasa, wato kamar ɗaya cikin goma. In ajinku yana da yara 60, kada ku yi mamaki in shida suna cikin wannan hali, ko da ba a gani da ido.

Mu a Zamfara muna da dalilan da suka ƙara mana yawansu. Dattawa suna tuna annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan. Ta sake dawowa a ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017, Zurmi kuwa tana cikin wuraren da ta fara bayyana. A wannan karon an ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga irin wannan sanƙarau, ɗaya yakan fita da tabo na dindindin, kamar kurumta, farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a yankin Anka da Bukkuyum, wasu da suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. A watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan tare da mu. Ga kuma yunwa. A binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da ma'aikatar lafiya ta jiha a watan Yuni 2024 a Shinkafi da Zurmi, an samu cewa cikin yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya yana fama da tamowa. Yaron da yunwa ta ci tun yana goye yakan iso aji ɗaya a bayan sa'o'insa. Ƙara da yaran da suka ga an kashe mutane a gabansu, waɗanda ko ƙofa aka buga sai su zabura. Duk cikin waɗannan babu wanda ya zaɓar wa kansa.

Wasa ne ko cin zali?

Iyaye da yawa sukan ce ai wasan yara ne, mu ma haka muka tashi. Gaskiya ne yara suna tsokanar juna, suna faɗa, su shirya kafin rana ta faɗi. Amma akwai alamu uku da suke raba wasa da cin zali. Na ɗaya, da gangan ake yi don a ɓata wa yaro rai. Na biyu, ana maimaitawa yau da gobe. Na uku, ƙarfi bai zo ɗaya ba: babba ne a kan ƙarami, ko taro a kan mutum ɗaya, ko mai ji a kan wanda ba ya ji. A wasa kowa yana dariya. In ɗaya yana kuka sauran suna dariya, wasa ya ƙare.

Cin zali yana da fuska da yawa. Akwai na hannu: duka, ture yaro, ɓoye masa sanda, sa masa ƙafa ya faɗi. Akwai na baki: gori, waƙar zambo, kwaikwayon tafiyarsa ko i'inarsa. Akwai na wariya, shi ne wanda manya ba sa lura da shi: ba mai zama benci ɗaya da shi, ba mai shan ruwa a mazubin da ya sha, ba a sa shi a ƙwallo. Akwai kuma mafi muni, wato lalata da yara, musamman 'yan mata kurame da masu raunin hankali, domin mugu ya san ba za su iya ba da labari ba.

Hukumar UNESCO ta bayyana a 2019 cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai cikin wata guda kafin a tambaye shi. Wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi a 2012 ya nuna cewa yara masu naƙasa sun fi sauran fuskantar cin zarafi kusan ninki huɗu. Ƙarshen abin sananne ne: yaro ya tsani makaranta, ya fara fashi, ya bari gaba ɗaya. Daga nan sai bara a tasha ko a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, mu kuma mu ce ai dama abin da ya dace da shi ke nan.

A ina yara suke koya?

Ruwa ba ya tsami banza. Ba a haifi yaro da sanin cewa gurgu abin dariya ne ba, a bakinmu yake ji. Mu ne muke kiran maƙwabci Gurgu ko Bebe har mu manta sunansa na yanka. Mu ne muke ce wa ɗanmu in ya yi kuskure, kai kurma ne? Mu ne muke ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo. Wasu cikinmu har yanzu suna raɗa cewa alhaki ne yake bin gidan, ko sammu, ko iska. Yaran suna jin duk wannan, washegari su kai shi filin makaranta.

Bari mu auna kanmu da Littafi Mai Tsarki. A Yohanna sura 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka so su san ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji bai ɗora wa ko ɗaya laifi ba. Wanda yake cewa uwar yaro mai farfaɗiya ta yi wani abu, yana maimaita tambayar da Yesu ya riga ya kawar.

A Littafin Firistoci sura 19 aya 14, Allah ya hana a zagi wanda ba zai ji zagin ba, ya hana a ɗana wa wanda ba ya gani abin da zai kā da shi, sannan ya haɗa wannan da tsoron Allah. Ku lura, laifuffuka ne da wanda aka cuta ba zai iya nuna mai laifin ba. Kurma bai ji ba, makaho bai gani ba, amma akwai Mai ji, Mai gani.

Ku tuna kuma da Mefiboshet ɗan Yonatan a littafin Sama'ila na Biyu. Yana ɗan shekara biyar labarin yaƙi ya zo, mai renonsa ta ɗauke shi da gudu, ya faɗi, ya gurgunce. Mu da muka san gudun tsakar dare da yara a baya, ba sai an fassara mana wannan ba. Sarki Dawuda bai aika masa da sadaka daga nesa ba. Ya sa aka ɗauko shi daga Lodebar, ya maido masa da gonakin gidansu, ya zaunar da shi yana ci tare da 'ya'yan sarki. Abin da yaranmu suke nema ke nan, wurin zama tare da sauran yara.

Ikkilisiya a ƙasar nan ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Mishan ce ta buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Wani mai bishara baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Iyayenmu cikin bangaskiya sun gane tun lokacin cewa waɗannan yara suna iya karatu.

Abin da doka ta ce

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ba ta cire kowa ba. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya. Ba mun faɗi haka don mu tura ku kotu ba ne. Mun faɗa ne don uba ya sani in ya je wurin hedimasta a kan ɗansa, ba alfarma ya je roƙo ba, haƙƙin yaro ya je nema. Makarantu na musamman irin ta Tudun Maliki a Kano sun yi wa yawancinmu nisa, ga tsada, ga hatsarin hanya. Saboda haka makarantar unguwarmu ita ce dole ta zama wurin da yaron zai zauna lafiya.

Ga iyaye

Ku lura da alamu. Yaro yana ciwon ciki kowace safiya amma ranar Asabar garau yake. Yana dawowa da yagaggiyar riga ko ba biro ba littafi. Ya daina cin abinci, ya koma fitsarin kwance, ko ya zama mai saurin fushi a kan ƙannensa. In kun ga haka kada ku fara da bulala. Ku zaunar da shi a lokacin da ba mutane, ku tambaye shi da wa yake wasa, wa yake zama kusa da shi. In ba ya iya faɗa, ku tambayi ɗan'uwansa ko ɗan maƙwabta.

In ya faɗa, ku yarda da shi, ku gaya masa ba laifinsa ba ne. Kada ku ce ya rama, kada kuma ku je ku daki ɗan wani, wannan zai mai da maganar yara ta zama rigimar manya. Mu da muke zaune da maƙwabtanmu Musulmi mun san darajar zaman lafiya. Ku je wurin malamin aji da ladabi, ku faɗi rana da wuri da abin da ya faru. In ba a ga canji ba cikin mako biyu, ku je wurin hedimasta tare da dattijo ɗaya. Daga nan akwai ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin kula da makaranta, da mai unguwa, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. In kuwa maganar lalata ce ko rauni, asibiti ne farko a ranar, sannan hukuma. Wannan ba a sasanta shi a zaure.

In ɗanku ne mai cin zalin, kada ku ce ba halinsa ba ne kafin ku bincika. Ku sa ya nemi gafara, ya mayar da abin da ya ƙwace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma duba ko shi ma wani yana cin zalinsa, a gida ko a waje.

Ga malamai

Mun san nauyin da yake kanku. Tun bayan sace 'yan mata 279 a Jangebe a watan Fabrairu 2021 da rufe makarantun da ya biyo baya, ga iyalai da suke ta kwararowa cikin gari, aji ya cika ya batse. Abubuwan da muke roƙo ba sa cin kuɗi. Ku zaunar da mai raunin ji ko gani a gaba. Ku fuskanci aji in kuna magana, domin mai raunin ji yana karanta leɓe. Ku rubuta da manyan baƙaƙe a allo. Ku bar mai i'ina ya gama maganarsa, kada a ƙarasa masa. Ku kira kowane yaro da sunansa. Kada ku ba monita bulala. A sa malami ɗaya yana zagayawa lokacin tara da lokacin tashi, domin a nan ne ake yawan yin ɓarnar. In malami ya yi wa yaro dariya sau ɗaya, ya ba aji duka izini.

Game da farfaɗiya, ku koya wa yara cewa ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa. In ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ta gefe in jijjigar ta lafa. Kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo. In ta wuce minti biyar a kai shi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu wannan ciwo za su iya daina faɗuwa in suna shan maganin da ya dace.

Ga ikkilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kowace ikkilisiya abu huɗu kafin ranar 3 ga Disamba, wadda ita ce ranar naƙasassu ta duniya.

Na ɗaya, mata Zumunta su bi gida gida cikin hikima su san yaran da ba sa zuwa makaranta ko sujada saboda wata lalura, har da na maƙwabta in sun yarda.

Na biyu, a haɗa kowane yaro da abokan tafiya biyu daga cikin matasa ko manyan yara, su tafi tare su dawo tare. Mai cin zali ba ya son shaida.

Na uku, malaman makarantar Lahadi su ware Lahadi ɗaya a kan labarin Mefiboshet, su koya wa yara abin da za su yi in sun ga ana cin zalin wani: kada su yi dariya, su tsaya kusa da shi, su gaya wa babba. A bayyana musu cewa wannan ba tsegumi ba ne.

Na huɗu, a ba waɗannan yara aiki a cikin sujada. Mai sanda yana iya karanta nassi, mai raunin ji yana iya karɓar baiko. In akwai kurma babba a gari mai maganar hannu, a roƙe shi ya koya wa yara ko da gaisuwa da ƙirga ne.

Mu koma ga yaron da muka fara da shi. Mun je makarantar tare da ubansa da wani dattijo. Malamin ajin ya ce bai san yaron ba ya ji ba, ba wanda ya gaya masa, mu ma ba mu gaya masa ba. An dawo da shi bencin gaba, kunnensa mai ji yana wajen malami. Fasto ya zauna da yaran nan biyu da iyayensu, yanzu ɗaya daga cikinsu ne yake biyo masa da safe. Ba za mu ce komai ya gyaru ba. Ya rasa kusan zango biyu, karatunsa yana baya, wani lokaci har yanzu akan kira shi da wancan suna. Amma yana zuwa, uban kuma ya roƙi ɗansa gafara a kan dukan da ya yi masa.

Duk wanda yake da irin wannan yaro a gida ko a aji, ya same mu bayan an tashi, ko ya ba mai bishararsa saƙo, za mu zo mu raka shi makarantar. Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu, ya kawo mana salama a ƙasarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.